Ƙofar Bayan Kicin Ɗin Tsohuwa

Shekarun baya, lokacin ina aji uku a jami'a, na tafka wani abu da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekaranjiya wani a cikinku ya tambaye ni a ƙarƙashin rubutuna, wai tsakanin kashi na ɗaya da kashi na biyu na wani gem ɗin bidiyo na ban tsoro wanne ya fi. Na ga tambayar sarai, na wuce kamar ban gani ba. Ba girman kai ba ne, ɗan'uwa. Wannan tambayar ce ta kusa raba ni da aboki, shi ya sa nake kewaye ta.

A lokacin muna haya a Bomo, kusa da jami'ar, ɗaki ɗaya ni da abokina. Ni Musulmi ne ɗan cikin birni, shi kuma Kirista ne, iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo amma a Sabon Gari aka haife shi, kuma in ana zancen iya tsokana da Hausa ya dame ni ya shanye. Na'urar gem tawa ce, talabijin nasa ne. Saboda haka ko faɗa muka yi da safe, dole a shirya kafin a kawo wuta.

Babansa ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyarsa, wadda ni ma Mama nake ce mata, malamar firamare ce da ta yi ritaya. Kusan kowace Asabar muna gidanta a Sabon Gari cin tuwo. Da ta gan ni za ta ce, "Ɗana, zauna. Naman nan wurin mahaucin bakin masallaci na saya, ci hankalinka kwance." Tana girki tana wata 'yar waƙar coci a maƙoshi, ba ta buɗe baki, in ta juya miya kuma sai ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya sau biyu, ƙwas-ƙwas. Ni dai a lokacin ba waƙa nake saurare ba, miya nake jira.

Kashi na ɗaya na gem ɗin nan tare muka buga shi tun daga farko har ƙarshe. Wani mutum ne ya maƙale a wata tsohuwar masana'anta a ƙarƙashin ƙasa, shi da wata halitta marar ido da ke farauta da kunne. Ba bindiga, ba wuƙa, tocila ce kawai da batir mai saurin mutuwa. Mukan rataya bargo a taga da rana tsaka don ɗakin ya yi duhu, zufa na tsiyaya amma ba mai cewa a buɗe. Ni ke riƙe hannun gem, wato abin dannawar, shi kuma ya rungume filo da takarda yana zana mana taswira. Tsoro ne da shi kamar farar kura, amma ba ya barin a buga ba ya nan. Sai ka ji yana ihu, "Hagu! Hagu na ce maka, kai wane irin mutum ne?"

Abin da na fi so a wannan kashin shi ne kai ne da kanka za ka yi sebin, wato ka ajiye inda ka tsaya, wuri goma ma in ka ga dama. Kuma duk ɗakin da ka wuce kana iya komawa. Ku riƙe wannan, don a nan na ci amanar kaina daga baya.

Da kashi na biyu ya fito, kwanaki na yi ina sintiri a wani shago a unguwar PZ inda ake loda gem. Ranar da aka samu, wata Alhamis ce, abokina yana gidan Mama. Tun ina cikin shagon na danna masa kira.

"Mutumina, ya samu! Ina PZ. Kuma an ce an kawo wuta a Bomo. Minti goma na ba ka."

Ya ce, "Mama na girki, bari in ci in zo."

Na ce, "Haba malam! Miyar guduwa za ta yi? Wuta kuwa ka san halinta."

Sai ga shi a acaɓa, jaka a kafaɗa. Muka koma Bomo muka rataya bargo. Ba mu yi nisa ba, bayan la'asar kaɗan wayarsa ta yi ƙara. Maƙwabciyarsu ce. Mama ta faɗi a kicin, hawan jini. Kwana biyu ta yi a asibiti ba ta ce uffan ba, sannan ta rasu.

Na je jana'iza, na yi zaman makoki tare da su, na ce Allah ya ba da haƙuri iya adadin da ake faɗa. Kuma wallahi na ji mutuwarta. Amma in gaya muku gaskiya, a sati ukun da ya yi bai dawo makaranta ba, ni kaɗai na zauna na cinye kashi na biyu tas. Ko a raina ban haɗa kiran da na yi masa da faɗuwarta ba. Ko kuma na haɗa na yi maza na raba, Allah ne masani.

Kashi na biyun kuwa bai yi mini ba ko kaɗan. Wata mata ce take neman ƙanenta a wani gari da ambaliya ta cinye. Hoto dai ba magana, ruwan nan in kana kallo sai ka ji kamar ka ɗage wando. Amma surutu ya yi yawa. A na ɗaya numfashinka ma tsoron fitar da shi kake yi, a na biyu kuwa ka yi taku biyar a tsayar da kai wani ya ba ka tarihin kakansa. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk ƙofar da ka wuce ka wuce ta ke nan, ba komawa. Sebin kuma ba a hannunka yake ba. Gem ɗin ne yake yi da kansa, guda ɗaya tak, sabo ya hau kan tsoho ya goge shi.

Muna da majalisa wurin wani mai shayi a Samaru, 'yan gem zalla. Nan na mai da kaina babban malami. Kullum sai na hau mumbari. "Wannan ba gem ba ne, fim ne aka ba ka hannu ka riƙe don kada barci ya ɗauke ka! Gem ɗin da ba ya barin ka koma baya ai ya raina ka ne." Akwai wani dogo ɗan injiniya da ya tsaya kai da fata na biyu ya fi, ya ce na ɗaya gudu ne kawai, na biyu ne ke da labari. Ni da shi muka daina ga maciji har mai shayin ya fara cewa mu riƙa rage murya muna korar masa kwastoma.

Da abokina ya dawo, ya rame, maganarsa ta ragu. Ni kuma a wautata maganin kowace damuwa gem ne. Na buɗe masa shafinsa daban a na'urar, na miƙa masa hannu na ce ya gwada. Abin mamaki ya karɓa. Mutumin da filo yake rungumewa, sai ga shi yana bugawa shi kaɗai, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, yana lallaɓawa a hankali har ya kai babi na uku. Na ce a raina madalla, na yi aikin lada.

A babi na uku akwai wani kicin. Wata tsohuwa ce a ciki da ta ƙi barin garin, tana dafa wani abu a tukunya. Wurin hutawa ne, halittun da ke farauta a garin ba sa shiga. Za ta yi maka magana, ta ba ka makulli, ka fita ta ƙofar baya ka ci gaba. Ni da na zo wurin dannawa na yi ta yi ina tsallake maganarta, ko minti ɗaya ban yi ba na fice.

Shi kuwa abokina a nan ya kafe. In na dawo daga lakca na tarar da wuta, zan gan shi zaune a ƙasa, hannun gem a cinya, ba ya danna komai, kicin ɗin nan a allo. Gobe ma haka. Jibi ma haka.

Na ce, "Kai, har yanzu kana nan?"

Ya ce, "Ina nan."

"Ƙofar ce ba ka gani ba? Ga ta can bayan murhu."

"Na gan ta."

Na yi dariya na ce tsoro dai bai bar ka ba. Ya yi ɗan murmushi ya mai da abin sauraronsa. Iyakar binciken da na yi ke nan a kan mutumin da muke kwana ɗaki ɗaya.

Wata Asabar da rana ya tafi coci koyon waƙa. Ni kuma a majalisa gardama ta yi zafi. Dogon nan ya ce babu wani wuri a na ɗaya da ya kai abin da ke faruwa bayan kicin ɗin tsohuwa taɓa zuciya. Na ce ƙarya ne, zamba ce kawai, an tilasta maka ka buɗe ƙofa sannan a ɗora maka laifi. Biyu daga cikinmu ba su taɓa ganin wurin ba. Na ce ku taso mu je Bomo ku gani da idonku ku yanke hukunci.

Muka tarar da wuta. Sai da na kunna sannan na tuna nawa sebin yana ƙarshen gem, ba yadda zan dawo babi na uku sai in na faro daga farko. Amma ga shafin abokina, daidai a wurin da nake so. Na buɗe. Na'urar kan nuna awowin da mutum ya yi, nasa sun haura talatin, kuma yana babi na uku. Na nuna musu da yatsa. "Ku ga gwani! Awa talatin a kicin. Ko aikin kuku ya nema ai da yanzu an ɗauke shi." Ɗakin ya kaure da dariya, ni na fi kowa.

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Anya ba zai goge masa ba?"

Ku ji fa. An tambaye ni. Kuma duk Samaru ba wanda ya kai ni sanin amsar, tunda wata guda na yi ina wa'azi a kanta. Na ce, "Taimakonsa zan yi. In ba a fitar da shi ba a nan zai yi digiri."

Na ɗauki makulli na buɗe ƙofar baya. Tsohuwar ta ce a rufe mata ƙofa, iska na kashe mata wuta. Amma sakatar a lalace take, ba madannin da zai rufe ta. Kana zagayowa ta gefen gidan sai gem ɗin ya ƙwace hannu daga wurinka, ya tsayar da kai a bakin taga. Ta nan za ka ga ɗaya daga cikin halittun ta shiga ta ƙofar da ka bari. Tsohuwar ba ta ko waiwaya ba. Sai ƙarar faɗuwar tukunya, sai fitilar kicin ta mutu. A kusurwar allo 'yar da'irar nan ta juya sau biyu, alamar an yi sebin.

Na juyo zan ce musu kun gani ko, sai na ga abokina tsaye a bakin ƙofa, ya ɗaga labule, da ledar rake a hannu. Ban san tun yaushe yake wurin ba, amma idonsa na kan allo.

Maimakon in yi shiru, sai na ce, "Matsoraci, na fitar da kai daga kicin. Sai ka gode mini."

Ya ce, "Shafina ne?"

"Naka ne."

"Ka buɗe?"

"Na buɗe mana."

Ya ce a hankali, "Za a iya komawa?"

Kafin in ce wani abu dogon nan ya fashe da dariya ya ce, "Shi kake tambaya? Ai shi ne kullum yake mana huɗuba ba a komawa." Bai yi da mugunta ba, bai san komai ba. Abokina ya ajiye ledar a kan katifa ya ce, "Ga rake nan ku sha." Ya juya ya fita.

Washegari ina lakcar cike gurbi ya zo ya kwashi kayan sawarsa da littattafai. Talabijin ɗin ya bar mini. Ya koma gidan Mama a Sabon Gari, yana hawo bas kullum zuwa makaranta. In mun haɗu za mu gaisa, lafiya lau, ya karatu, shi ke nan. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Har lokacin ban gane abin da na yi ba. Na ɗauka fushin dariyar da aka yi masa ne a gaban mutane, sai kuma sebin da na ɓata. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Na faro gem ɗin daga farko a shafinsa. Kwana huɗu ya ɗauke ni saboda wasan da ake da wuta. Da na isa kicin na tsaya cak, na kashe, na sa na'urar a jaka na hau bas sai Sabon Gari. A hanya har ina jin kaina wani jarumi.

Na tarar da shi a tsakar gida yana wanki. Na ce, "Mutumina, na dawo maka da kayanka." Ya ɗauraye hannu muka shiga falo, muka jona a tsohon talabijin ɗin Mama. Kicin ya bayyana. Na fara yawo da matar a allo ina nuna masa ga shi komai na nan yadda ya bari.

Ya ce, "Ajiye hannun."

"Me?"

"Ajiye shi a ƙasa. Kada ka taɓa komai. Ƙara murya."

Na ajiye. Muka zauna shiru, ni da ban saba zama shiru ba har ƙafata na rawa. Minti ɗaya, minti biyu. Ashe in ka bar hannun ba ka danna komai ba na ɗan lokaci, tsohuwar kan manta da kai. Sai ta juya wa allo baya ta koma kan tukunyarta. Ta fara wata 'yar waƙa a maƙoshi, ba ta buɗe baki. Ta juya miya. Sannan ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya sau biyu.

Ƙwas-ƙwas.

Innalillahi. Daga inda nake zaune ina hango ƙofar kicin ɗin Mama na gaske, da ludayinta rataye a ƙusa. Na ci tuwon matar nan ya fi a ƙirga. Na ji wannan ƙarar ba sau ɗaya ba, ba sau hamsin ba. Kuma na yi wata guda ina yanke hukunci a kan gem ɗin da ban taɓa tsayawa na minti biyu na saurare shi ba.

Abokina bai kalle ni ba ya ce, "Ran nan da ka kira ni, miya ce a wuta. Ta ce in jira ta nuna. Na ce mata Asabar za mu zo tare da kai." Ya ƙara da cewa, "Ni ba yaro ba ne, na san gem ɗin tsoro ne, na san wani abu na bayan ƙofar. Shi ya sa ban buɗe ba. A nan dai in na zauna, ina jira, kuma ba wanda ke kirana."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce, "Don Allah ka yafe mini. Ni na kira ka."

Ya ce, "Wannan bar shi. Ba kai ka sa mata hawan jini ba, kuma ni na ɗauki jakata da hannuna." Ya juyo ya kalle ni. "Amma sebin ɗin kai ka goge. Kuma ka sani."

Na ce, "Na sani."

Na ce ai ga shi na dawo masa da shi, ya riƙe na'urar ma gaba ɗaya, na bar masa. Ya kalli allon na ɗan lokaci, sai ya girgiza kai. "Kashe kawai. Da can girki take yi. Yanzu ina kallonta ina kallon ƙofa."

Na kashe. Ya tashi ya ɗora mana taliya a kan risho, muka ci. Da yamma ya raka ni bakin titi, ya ce in tafi da na'urata.

Zango na gaba ya dawo Bomo. Mun shirya, har yau muna tare, ni na tsaya masa a bikinsa, shi ya yi ta ɗawainiya a nawa. Amma bai ƙara zama kusa da ni ina buga gem ba. Takardar taswirar nan da yake zanawa tana nan a cikin wani tsohon littafina, ba a ƙara mata layi ko ɗaya ba.

Na daɗe ina so in ce kuskure ne, ban sani ba. Rabi gaskiya ne, ban san dalilin zamansa a kicin ba. Amma ban sani ba ne saboda ban tambaya ba. Sau nawa na gan shi zaune hannu a cinya, abin da ya zo mini kawai shi ne tsokana. Ɗaya rabin kuwa ba ni da mafaka. Na san in an wuce ƙofar ba a komawa, an ma tunasar da ni, na buɗe don in ci gardamar da ko kofin shayi ba a sa a kanta ba. In kun matsa mini, har gobe zan ce na ɗaya ya fi tsoro, ya fi daɗin bugawa. Amma ban ƙara faɗa da ƙarfi ba, don wanda ya tsallake rabin abu da danne-danne bai kamata ya hau mumbari a kansa ba.

Sallar da ta wuce ya kawo mini ziyara da iyalinsa. Yarana da nasa suna falo suna buga wani gem, suka maƙale a wani wuri, suka zo suna jan rigarsa wai ya taimake su. Ya ɗaga hannu yana dariya ya ce, "A'a, ni ban iya ba. Ku je wurin babanku, shi ne gwanin buɗe ƙofa."

Kowa ya yi dariya, har matata. Shi ma da zuciya ɗaya ya faɗa, na ga haka a fuskarsa. Ni kuwa sai na miƙe na ce bari in dubo ko abinci ya sauka. Na shiga kicin na tsaya a gaban tukunya, matata ta biyo ni tana tambaya lafiya, na ce lafiya lau, miyar nake jira ta nuna.